Saƙa da Tsinke

Saƙa da tsinke sana'ar hannu ce da ake yi da tsinkaye biyu da zare guda, ana zaro madauki ta cikin madauki har ƙyalle ya samu. Ta bambanta da saƙar kwarashi, wadda ƙugiya ɗaya ke yin ta. A garuruwan Zamfara irin su Gusau da Ƙaura Namoda mata ne suka fi riƙe ta, kasuwarta kuwa takan buɗe da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake neman hular sanyi da safa da suwaitar jarirai. Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa akirilik ne, wato zaren roba, wanda ya fi gashin tumaki araha da jure wanki.

Duk wani zane da ake gani a jikin saƙa daga madauki iri biyu ya fito: wanda ake zarowa ta gaba da wanda ake zarowa ta baya. Idan aka yi layi ɗaya na gaba, layi ɗaya na baya, ƙyallen yakan fito sumul, amma bakinsa sai ya naɗe komai ƙwarewar mai saƙar. Maganinsa shi ne a fara bakin da biyu gaba, biyu baya, irin na wuyan suwaita.

Matsalar da ta fi cin zare da lokaci ita ce kaya su fito ba daidai da awo ba, domin hannun wata yana matse zare, na wata yana sake shi. Takardar zane takan faɗi adadin madaukan da za su cika santimita 10, misali 22 da tsinke mai kaurin milimita 4. Wadda hannunta ya ba da 20 maimakon 22, in ta ɗora madaukai 110 don hula mai kewayen kai santimita 50, za ta samu 55, hular ta sauko wa yaro har ido. Saboda haka ake fara saƙa ɗan gwaji a auna shi. In ya yi sako-sako a koma ƙaramin tsinke, in ya matse a ɗauki babba. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su kuwa suka fi kwance aiki.

Madaukin da ya suɓuce daga tsinke yakan warware ƙasa, ya bar zare a jere kamar tsani. Ba sai an kwance saƙar ba: a kama shi da kwarashi, a riƙa zaro matakan ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, sannan a mayar da shi kan tsinke. Idan kuma ƙyalle yana ƙara faɗi da ƴan huji, zare ne ya hau tsinke bisa kuskure, ƙirga madaukai a ƙarshen kowane layi yana tona shi da wuri. Zare kuwa gara a saye shi gaba ɗaya mai lambar rini iri ɗaya, domin ja biyu da suka yi kama a rumfar kasuwa sukan bambanta a hasken rana.