Daga Alkyabba Zuwa Kaki: Waiwaye Kan Suturar Masu Mulki a Damagaram

Duk wanda ya taɓa kallon wasan kara a Damagaram ya san abin da ƴan wasan ke fara nema. Kafin a koyi muryar shugaban ƙasa ko takunsa, sai an samo irin rigarsa da hularsa. Saurayin da aka ba matsayin yana fitowa fili, tun bai buɗe baki ba jama'a sun gane wanda ake kwaikwayo, dariya ta ɓarke. Ga gwamna da nasa kayan, ga sarki da rawaninsa, ga sojoji biye da bindigogin kara. Mutanen garin nan sun daɗe da iya karanta mulki a jikin tufa, kuma a fada suka koya.

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamus kan sauka a unguwar Zango ɗauke da alkyabbu da jajayen dara da alharini, daga kudu kuma fatake su kawo turkuɗi da rigunan saƙi na ƙasar Kano. Na ƙwaran cikinsu fada suke shiga, daga fadar kuma su fita a matsayin kyauta. Sarki kan tufatar da malaminsa da maroƙinsa da jarumin da ya nuna bajinta a fagen fama. Wanda ya karɓi riga ya karɓi nauyi, domin duk inda ya shiga da ita an san shi na wane ne. Harshen ma ya riƙe wannan tarihi: naɗa mai sarauta ake yi, kamar yadda ake naɗa rawani, in ya ɓata kuma a tuɓe shi, kamar yadda ake tuɓe riga. Ja da koren da dogarai ke sawa a ƙofar fada a Birni har gobe ragowar wancan tsari ne.

Faransawa sun ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, a 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, ba su maido da sarautar yadda take ba sai 1923. Kafin su kwashe babban birni su kai Yamai a 1926, sun riga sun dasa wata sutura ta biyu ta iko: kakin kwamanda, da kwat da karabat na tafinta da akawu da ɗan lakwal. Daga nan talaka ya san ƙofofi biyu, ta mai rawani da ta mai wando, ya kuma san irin gaisuwar da ake yi a kowace.

Shugaban Nijar na farko, Diori Hamani, ya riƙe duka biyun, kwat a wani wuri, babbar riga da hula a wani. Uwargidansa Aisa kuwa adonta da gwala-gwalanta sun zama abin magana a shekarun fari da yunwa, kuma a juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974 aka kashe ta. Seyni Kunce ya zo da kaki, a cikinsa mutane suka san shi har ya rasu a 1987, kuma dattawa da yawa har yau in suka tuna kakin nan tsoro da tsari suke tunawa tare.

Inda labarin ya fi shafar teloli shi ne bayan babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan Damagaram, Farfesa Andre Salifu, ya jagoranta. Jam'iyyu suka fito da sunaye na Hausa, Rahama da Nasara da Tarayya, kowace da launinta, MNSD da kore, PNDS da ruwan hoda. A 1993 wani ɗan garin, Mahaman Usman, ya ci zaɓe, mutumin da da wuya ka tuno hotonsa ba cikin babbar riga da hula ba. Sai kuma atamfa mai hoton ɗan takara ta zama makamin yaƙin neman zaɓe. A kawo turame a mota, a sauke a gidan shugabar mata ta unguwa, ta raba, a ba da kuɗin ɗinki jika ɗaya ko biyu, ranar mitin mata su fito cikin anko. Masu ilmin zamani kan kira abin sayen ƙuri'a, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A nawa ganin tsohuwar al'adar fada ce ta sake kama: babba ya tufatar da kai, kai kuma ka nuna a jikinka na wane ne. Bambancin kawai, dogari riga ɗaya gare shi, mai zaɓe kuwa ba abin da ya hana ta karɓar uku.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijon tela a Kasuwar Dole ana saura kwanaki zaɓe. Ƙyallaye sun cika ƙarƙashin kekensa, rabin fuskar wannan ɗan takara kan kafaɗar wancan. Wata mata ta shigo da leda biyu, kowace da launin jam'iyya daban.

"Baba, wannan ta Asabar ce, wannan ta Lahadi. Don Allah kar ka haɗa mini su."

"Hajiya, to wa za ki jefa wa?"

"Wannan kuma tsakanina da akwati ne."

Bai ce komai ba, ya ɗauki almakashi yana neman inda zai yanka ba tare da ya raba kan mutumin gida biyu ba.

Sojoji ma sun koyi darasin. Janar Ibrahim Bare Mainasara ya karɓe mulki daga Mahaman Usman ranar 27 ga Janairun 1996, kafin watan Yuli ya rataye kaki ya shiga takara cikin babbar riga. Tanja Mamadu, tsohon kanar, cikin riga da hula ya ci zaɓen 1999. Shi ya sa idan mai kaki ya fara yawan fitowa cikin shadda, ƴan fada, wato ƴan majalisar shayi na bakin titi, sukan ce a sa ido.

Mata kuwa nasu lissafin daban ne, kuma ya fi ɗaci. Zanga-zangarsu ta 13 ga Mayun 1991, ta neman a ba su kujeru a shirin babban taro, ita ta haifi ranar matan Nijar, da atamfarta da ake bugawa duk shekara. Amma a farkon shekarun 1990 ɗin nan dai, a cikin garin nan, aka far wa ƴan mata masu gajeren buje, ana ɗora musu laifin rashin ruwan sama. A shekarar 2000 kuma tarzoma ta tashi a Yamai da Maraɗi kan bikin nuna ɗinki na FIMA da Alfadi ya ƙirƙira a 1998. Rigar namiji mai mulki sharhi ake yi mata a majalisa, bujen yarinya kuwa duka ya jawo mata.

Ba a maganar ɗinkin Damagaram a bar Kano, tunda can ake sarin shadda da huluna, salon kuma ya biyo kayan. Kalmar tazarce ma a Nijeriya ta yi suna zamanin Abacha, har aka laƙaba wa wata doguwar riga, sannan ta tsallako ta zama sunan yunƙurin Tanja na 2009. Jar hular Kwankwasiyya ta sa sai mutum ya yi tunani kafin ya sa jar dara ya nufi Kano, alhali a nan ita tsohon shugaban ƙasa Mahamadu Isufu ya saba sawa. A Janairun 2019 gwamnan Damagaram na lokacin da takwaransa na Maraɗi suka bayyana a gangamin Buhari a Kano cikin rigunan APC, jam'iyyar PDP ta yi ta ƙorafi cewa baƙi sun shigo mata zaɓe. Hotunan rigunan su suka fi yawo a jaridu da Facebook.

Zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021 ya haɗa mutum biyu da jihar nan ta sani: Mahaman Usman, da Mohamed Bazum, tsohon ɗalibin Lise Amadu Kuran Daga, wanda ba ya jin nauyin fitowa cikin kwat da karabat. Bazum ya ci, amma ranar 26 ga Yulin 2023 kaki ya dawo. Janar Abdurahaman Tiani a cikinsa yake yi wa ƙasa jawabi, Firaministansa Ali Lamin Zen, haifaffen Damagaram, shi ne mai yawan fitowa da riga da hula. Launukan jam'iyyu suka ja baya, lemo da fari da kore na tutar ƙasa suka cika wuraren gangami, teloli a Yamai har tutocin Mali da Burkina da Rasha suka riƙa ɗinkawa. A Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya.

Atamfofin dai suna nan cikin gidaje. Kwanan baya na ga wata tsohuwa a Zango ta goya jikarta da wani koɗaɗɗen zane mai ruwan hoda, hoton ɗan takarar ya juya, kansa ƙasa, ƙafar jaririyar na lilo daidai kan sunan jam'iyyar.