Daga Tantin Akan Zuwa Kunnen Fada: Waiwaye Kan Furta Zunubi

A sura ta 7 ta Littafin Joshuwa, cikin Littafi Mai Tsarki, Isra'ilawa sun sha kashi a garin Ai, mutum wajen 36 suka mutu, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar wani Ba'isra'ile mai suna Akan ya binne alkyabbar Babila da shekel 200 na azurfa da curin zinariya a ƙarƙashin tantinsa, daga ganimar Yariko da aka haramta taɓawa. Ya amsa laifinsa, amma hakan bai hana a jefe shi ba. A wancan zamani ana ɗaukar ɓoyayyen zunubin mutum ɗaya a matsayin abin da ke jawo wa jama'a duka fushin Allah, don haka dole a tono shi a bainar jama'a. Dauda ne ya mai da maganar cikin zuciya a Zabura ta 32, inda ya ce ƙasusuwansa sun lalace lokacin da ya yi shiru, gafara kuwa ta zo bayan ya furta.

Ikilisiyar farko ta gaji wannan tsoro, ga labarin Hananiya da Safiratu da suka faɗi matattu saboda ɓoye wani ɓangare na kuɗin gona. Wanda ya yi kisa, ko zina, ko ridda bayan baftisma, ana keɓe shi daga Jibin Ubangiji, ya sa tsummoki, ya yi azumi na tsawon lokaci kafin bishop ya mai da shi, kuma sau ɗaya tak ake ba da wannan dama a rayuwa. Ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa suka riƙa jinkirta tuba sai ajali ya matso. A shekarar 459 Paparoma Leo na ɗaya ya hana karanta zunuban masu tuba a gaban taro, yana ganin kunya na korar mutane.

Sufayen Kirista na ƙasar Ailan ne suka yaɗa ikirari, wato furta zunubi, a asirce, wanda ake iya maimaitawa, tun ƙarni na 6. Taron bishop-bishop na Toledo na 589 ya yi tir da maimaita tuba, amma al'adar ta riga ta kama ƙasa. A 1215 Taron Lateran na huɗu ya wajabta wa kowane Kirista da ya kai shekarun hankali ya yi ikirari ga fadansa, wato limamin cocinsa, aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma tanadi tuɓewa da tsarewa a gidan sufaye har mutuwa ga fadan da ya tona abin da ya ji. A nan, a ganina, al'amarin ya juye gaba ɗaya, domin ikilisiyar da a dā take fallasa mai zunubi ita ce ta koma mai rufa masa asiri.

Martin Luther, jagoran Furotesta, bai soke ikirari ba, abin da ya ƙi shi ne tilasta wa mutum lissafa kowane zunubi ɗaya bayan ɗaya. Taron Trent ya mayar masa da martani a 1551 da tabbatar da wajibcin hakan, sannan Archbishop Charles Borromeo na Milan ya yaɗa ɗan ɗakin katakon da ake ikirari a ciki, mai raga tsakanin fada da mai tuba.