Yadda Tsirrai da Dabbobi ke Samun Abinci

Tsiro mai koren ganye shi ke haɗa abincinsa da kansa. Dabba kuwa sai ta ci tsiro, ko ta ci wata dabbar da ta ci shi.

A ganye ake aikin. Saiwa na zuƙo ruwa daga ƙasa, ganye na shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi, sai sinadarin kulorofil, wanda ke sa ganye kore, ya kama hasken rana a haɗa sukari, iskar oksijin ta fita. A 1779 Jan Ingenhousz, likita ɗan Holan, ya nuna cewa aikin ba ya yiwuwa sai da haske.

Amma sukari kaɗai ba ya raya tsiro. Yana buƙatar naitirojin da fosfaras da fotasiyam, wato NPK ɗin da ke rubuce a buhun takin zamani. Naitirojin ne mai wuyar sha'ani: shi ne kashi 78 cikin 100 na iska, ga shi tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga nan. Dangin wake da gyaɗa da waken soya sun sami mafita. In aka tuge wake, za a ga 'yan ƙuraje a jikin saiwarsa, masu aiki kuma in an fasa su cikinsu jaja-jaja ne. Nan bakteriyar rhizobia, wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, ke zaune, tana juya naitirojin na iska ya zama wanda tsiro zai iya sha, shi kuma yana biyanta da sukari. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna shuka wake a tsakanin gero tun ba a san sunan bakteriya ba. Gawo ma ɗan wannan dangi ne. Yana kaɗe ganye da damina, shi ya sa hatsin da ke gindinsa ke samun taki ba tare da inuwa ta danne shi ba.

Akwai kuma 'yan cima-zaune. Ƙuduji na maƙale wa saiwar dawa da gero ya tsotse su, kauci kuma reshen itace yake hawa.

Dabba kan narkar da abin da ta ci, hanji ya tsotse amfaninsa zuwa jini. Ciyawa ce matsala, don saniya ba ta iya narkar da ita da kanta. Cikinta ɗaki huɗu ne, kuma a babban, wato tumbi, ƙwayoyin halitta bila adadin ke ruɓar da ciyawar. Saniyar kan dawo da ita baki ta yi tuƙa, ta sake haɗiyewa. Haka tunkiya da akuya. Doki da jaki ba sa tuƙa, a babban hanji tasu ciyawar ke ruɓa.

Ciyawa ba ta cika isar da gishiri ba, don haka ake ba dabbobi kanwa. Makiyaya a Nijar kan kora garkensu zuwa ƙasa mai gishiri ta Ingal a ƙarshen damina.