Mene ne ATS da ake ta tsorata masu neman aiki da shi?

Tun da aka fara tallar "CV mai tsallake ATS" a Facebook da WhatsApp da shagunan buga takardu na bakin jami'o'i, waɗannan haruffa uku suka zama dodo. A shirin matasa na rediyo sai ka ji baƙo yana bayani da ƙarfin gwiwa, wai ATS mutum-mutumi ne da ke ba CV maki, in bai kai ba ya watsar da shi tun kafin idon ɗan Adam ya gan shi. Har adadi ake kawowa, wai kashi 75 cikin ɗari na takardun neman aiki a haka suke salwanta. Babu binciken da aka wallafa da ya tabbatar da wannan adadi, kuma masu sayar da hidimar gyaran CV ne suka fi yaɗa shi.

ATS gajarta sunan Turanci ne na manhajar bin sawun masu neman aiki. Akwai su da yawa: Workday, Taleo na kamfanin Oracle, SuccessFactors na SAP, Greenhouse. Manhajar tana karɓar takardarka, ta zaro rubutun ciki ta zuba a gurabe, suna nan, lambar waya nan, makaranta da wuraren aiki nan, sannan ta ba jami'in ɗaukar ma'aikata damar bincike da tacewa. Wasu suna jera mutane gwargwadon dacewarsu da tallar aikin, amma jerawa daban, kora daban.

Abin da ke korar mutum nan take yawanci tambayoyin fom ne, waɗanda ake amsawa cikin gaggawa kafin a ɗora CV: shekarun haihuwa, matakin digiri, ko an gama bautar ƙasa. Idan banki ya ce kada a wuce shekara 27 ka rubuta 29, saƙon ban-haƙuri zai iso ko da wane gwani ne ya tsara maka takarda.

Inda CV ke cutar da mai shi kuwa, ba korar sa ake yi ba, ba a ganin sa ne kawai. A ce ƙungiyar agaji a Maiduguri tana neman jami'in sa ido da tantance ayyuka, mutum dubu suka nema. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ba za ta buɗe dubu ba. Za ta rubuta KoboToolbox a gurbin bincike, tunda da shi suke tattara bayanai, ta ƙara Excel, wataƙila da Kanuri. Sai a rage saura mutum sittin, su za ta karanta. Kai kuwa ka shekara biyu kana yawo ƙauyuka da wannan manhaja a wayarka, amma abin da ka rubuta shi ne ka ƙware a tattara bayanai, kuma kai mai himma ne da iya zama da mutane. Himma ba ta fitowa a bincike, don ba wanda ke neman ta a wannan gurbi. Da ka rubuta cewa ka yi amfani da KoboToolbox ka tattara bayanan gidaje 400 a ƙananan hukumomi 3, daga Maris 2022 zuwa Janairu 2024, da ka shiga cikin sittin ɗin, kuma da jami'ar ta sami abin tambayar ka a ganawa. Shi ya sa CV ɗaya ba ya yi wa kowane aiki. A karanta tallar, a ja layi ƙarƙashin sunayen kayan aiki da takardun ƙwarewa da ta ambata, wanda ka iya da gaske ka rubuta shi da kalmar da suka kira shi. Idan yana da gajeren suna, kamar ICAN ta akantoci ko COREN ta injiniyoyi, ka sa gajeren da cikakken, don ba ka san wanne za a nema ba.

Sai tsarin shafi, kuma a nan ne masu ƙawa suke yi wa mutane illa. Takardar da aka buga sannan aka ɗauka da kyamarar waya hoto ce, ko da sunan fayil ɗin ya ƙare da PDF. Manhajoji da dama ba sa ganin harafi ko ɗaya a ciki. Gwajin ba wuya: buɗe fayil ɗin, kwafe dukkan rubutun, zuba shi a Notepad. Abin da ya fito, kusan shi manhajar ke gani. Idan shafin rabe yake gida biyu, irin samfuran manhajar zane ta Canva, sau da yawa layin hagu da na dama suna cakuɗewa, sunan makaranta ya manne da wurin aiki. Lambar waya da imel da aka sa a can saman shafi, cikin gurbin kan takarda na Word, suna iya ɓacewa, haka abin da ke cikin akwatin rubutu. Taurari huɗu a gaban Excel don nuna matakin ƙwarewa ba sa gaya wa manhaja komai, mutum ma ba sa gaya masa. A yi shafi miƙaƙƙe, kanun da aka saba, wata da shekara ga kowane aiki, na baya-bayan nan a sama, shafi ɗaya ga sabon kammalawa, biyu ga wanda ya daɗe yana aiki. Suna ya zo daidai da na takardun makaranta da NIN.

Akwai dabarar da ake sayarwa ta kwafe tallar aikin gaba ɗaya a ɓoye ta a ƙasan CV da farin rubutu. Manhajar tana zare launi, don haka jami'ar za ta ga tallarta baƙi ƙirin a ƙarƙashin sunanka. Su kuma shafukan da ke cewa CV ɗinka ya ci maki 62, ka biya a kai shi 90, ma'auninsu na kansu ne, ba su da wata alaƙa da manhajar kamfanin da kake nema.