"Bincike ya nuna": wane irin bincike ake nufi?

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ba ka ji "bincike ya nuna" ba. Mai tallan magani zai ce bincike ya tabbatar garin da yake sayarwa yana raba mutum da ciwon suga, ɗan siyasa kuma ya ce bincikensu ya nuna jama'a na tare da su. Abin yana damuna ƙwarai, domin akwai marasa lafiya da ke ajiye maganin asibiti saboda wannan lafazi.

Kalmar ce mai faɗi. Ɗan sanda ya zazzage jakarka, bincike ne. Iyaye su tambayi asalin mai neman 'yarsu, shi ma bincike ne. Amma in ana maganar lafiya, na ɗakin gwaje-gwaje mai sauraro yake ɗauka, shi kuwa wannan yana da sharaɗi: a ƙirga, a rubuta yadda aka yi don wani ya maimaita, a kuma yarda tun farko cewa sakamakon zai iya ƙaryata mai binciken.

Ga misalin irin wannan bincike. A 1909, a Jami'ar Manchester ta Ingila, masanin kimiyya Ernest Rutherford ya sa mataimakinsa Hans Geiger da wani ɗalibi ɗan shekara 20, Ernest Marsden, wanda ko digirin farko bai kammala ba, su riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya iya gani, kan fallen zinariya da na wasu ƙarafa. Duk ƙwayar da ta faɗa kan wani ɗan allo da aka shafa wa sinadari sai ta yi ƙyal. Babu kwamfuta, ido ne ma'auninsu. Sai su zauna cikin ɗaki mai duhu ƙirin har idonsu ya saba, su leƙa madubin ƙara girman abu suna ƙirga ƙyallin nan ɗaya bayan ɗaya, in idon wannan ya gaji wancan ya karɓa. A ilimin wancan lokaci, bai kamata ƙwayoyin su juyo da baya ba. Sai ga shi kusan ɗaya cikin 8,000 tana juyowa.

Abin da ya fi burge ni, ba su share wannan ɗayar ba don ta saɓa wa abin da aka sani. Shi ma Rutherford bai yi gaggawar shela ba. Sai a 1911 ya fito da bayani: kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra, wato 'yar ƙanƙanuwar ƙwayar da kowane abu ya ginu da irinta, yana dunƙule ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, ita ce alfa ke cin karo da ita ta dawo.

Ko a nan ma ba su ce an gama ba. Geiger da Marsden suka koma cikin duhun nan don gwada ko lissafin malaminsu zai tsaya, suka ƙirga ƙyalli sama da 100,000 kafin su wallafa sakamakon a 1913.