Waiwaye: Daga layin rabo zuwa alat, yadda tallafin talaka ya koma cikin waya

Yanzu a Gombe in aka ce gwamnati za ta raba tallafi ba wanda yake tambayar a wane fili za a taru, abin da za ka ji shi ne kana da NIN? BVN ɗinka fa, sunan ya yi daidai da na layinka? Yaran da suka taso yanzu gani suke dama can haka abin yake, alhali duk wannan bai fi shekara goma sha ba.

Mu dai mun san taimakon juna tun kafin gwamnati ta san da shi, zakka da fidda kai, gayya a gona, adashen mata, da kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci bayan magariba. Gwamnati ta shigo maganar da ƙarfi ne bayan SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, ya karya darajar naira, sai ga DFRRI, hukumar raya karkara, sai Better Life na Maryam Babangida a 1987, sai People's Bank a 1989, lokacin Abacha kuma aka yi shirye-shiryen tallafa wa iyali na Family Support da FEAP. Obasanjo ya kafa NAPEP, shirin yaƙi da talauci, a 2001, wanda abin da ya rage mana nasa yau shi ne keken da muke hawa daga Tashar Dukku zuwa Jekadafari. Duk waɗannan hanya ɗaya suka bi, kuɗi ko kaya su taso daga sama su bi ta hannun jiha, su bi ta hannun ciyaman da kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa, kafin su iso ƙauye sun rame, kuma ba wata takarda da za ka ɗauko ka ce ga wanda ya karɓa ga wanda bai karɓa ba.

A daidai wannan lokacin wasu ƙasashe sun riga sun canza salo. Meziko ta fara Progresa a 1997, ana ba uwa kuɗi a hannunta da sharaɗin yaro ya je makaranta a kuma kai shi asibiti. Barazil ta buɗe rajistar talakawa guda ɗaya a 2001, sannan a 2003 ta ɗora Bolsa Família a kanta, kowace uwa da katin cirar kuɗinta. Kenya kuma a 2007 M-Pesa ta nuna cewa ƙaramar waya mai madannai ta isa a tura wa mutumin da bai taɓa shiga banki ba kuɗi. Mu ma a 2007 NAPEP ta gwada wani ɗan shiri mai suna COPE irin na sharaɗin nan, amma bai yi faɗi ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Nijar, kuma ni shi ya fi tsaya min a rai dan mutanen kamar namu ne, yarensu namu, cimarsu tamu. Bayan farin da aka yi, a 2010 ƙungiyar Concern ta raba wa mata kuɗi a ƙauyukan jihar Tawa, wasu aka ba su a hannu, wasu aka tura musu ta waya da tsarin Zap. Masu bincike ƙarƙashin Jenny Aker suka bi sawun abin, sai suka ga gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci kala-kala, yaransu sun fi samun ci, alhali kuɗin ɗaya ne. Dalilan da suka kawo su ne matar ba ta ɓata yini a tafiya da zaman layi ba, sannan kuɗin ya shigo shiru ba kowa ya gani ba, dan haka ita ke da ta cewa kan yadda za a kashe shi. Duk macen da ta taɓa dawowa daga wajen rabo ta tarar da 'yan uwan miji zaune a zaure suna jiranta ta san me wannan yake nufi.

A Najeriya waya ta fara shiga harkar ne ta ƙofar taki. A 2012 Akinwumi Adesina yana ministan noma ya kawo tsarin GES, manomi ya yi rajista da lambarsa, a turo masa saƙo ya je wajen dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Shi da kansa ya sha faɗin cewa kafin nan kashi 11 cikin ɗari ne kawai na manoma ke ganin takin gwamnati. Manoma da yawa a nan sun ga taki a karon farko ba tare da sun durƙusa wa ɗan siyasa ba, wannan gaskiya ne, amma tun a lokacin matsalar da muke ciki yau ta leƙo, wani ƙauyen ba sabis sai an hau tudu, wani dattijon saƙon ya shigo ba mai karanta masa, wani kuma lambar ɗansa ya bayar ɗan ya tafi ci-rani Kudu da wayar. A shekarar 2012 ɗin dai aka yi SURE-P, shirin amfani da rarar kuɗin tallafin mai, bayan rigimar cire tallafin mai ta watan Janairu, sai BVN ya zo a 2014.

Babban juyi shi ne 2016 lokacin Buhari, N-Power, ciyar da 'yan firamare, daga baya TraderMoni da sauransu, sai kuma dubu biyar-biyar ɗin nan na wata wanda ake haɗa wata biyu a ba da dubu goma. Bankin Duniya ya sa dala miliyan 500, daga baya aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su a cikin shirin. Abin da ya bambanta shi da na baya rajista ce, ofishin NASSCO mai kula da rajistar talakawa ya tsara a shiga gari a tara maza daban mata daban matasa daban, su faɗi waye talaka a wurinsu su kira sunaye, sannan ma'aikata su bi gida-gida da ƙaramar kwamfutar hannu su ɗauki bayani da hoto. Galibin masu karɓa mata ne, kuma da yawansu sun haɗa adashe da kuɗin, wata ta sayi akuya, wata ta ƙara jarin ƙosai ko ƙuli. Ni ban yarda da masu cewa dubu biyar ba komai ba ce, wanda bai taɓa kwana da yara ba tsaba a gida ba shi ke faɗin haka. Amma fa a lokacin biyan a hannu ake yi, a tara mata a sakatariya ko firamare tun safe har la'asar cikin rana.

Korona ce ta tona komai a 2020. An kulle gari, rajistar kuma ta fi ƙarfi a karkara, ba ta san ɗan acaɓa da mai shayi da mai wankin hula na cikin birni ba, sai aka ƙirƙiro wata rajistar gaggawa ana tura wa mutane saƙo su cike ta waya. Ƙasar Togo a watan Afrilun wannan shekarar cikin 'yan kwanaki ta tada Novissi, mutum ya danna lamba da katin zaɓensa kuɗi su shigo masa. Mu kuwa a watan Oktoba sai ga jama'a suna fasa rumbunan ajiya a jihohi suna kwasar kayan korona da aka jibge ba a raba ba.

Daga nan komai ya koma kan shaida. A Disamban 2020 ɗan garinmu Malam Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa ya ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN, kowa ya tuna layin da aka sha a ofisoshin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tun asuba, zuwa 2023 masu NIN sun haura miliyan 100. Wannan aiki ne babba kuma ba dan shi ba da maganar biyan tallafi kai tsaye ba ta taso ba. Sai dai ka tsaya ka duba su waye suka rage ba su yi ba, za ka ga tsohuwar da ke bayan Dukku ko Nafada ce, wadda kuɗin motar zuwa wajen rajista ya fi ƙarfinta, in ta je ma yatsunta sun goge da daka da surfe na'ura ta ƙi ɗauka, ko a NIN an rubuta Hauwa'u a banki an rubuta Kulu, shekarar haihuwa kuma kowa da wadda ya ƙiyasta mata. Ita ce aka yi shirin dominta kuma ita ce ta farko da kwamfuta ke tsallakewa. Indiya ta ga irin wannan da Aadhaar ɗinta, wato irin NIN ɗinsu, a 2017 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a jihar Jharkhand bayan an soke katin abincin gidansu saboda ba a haɗa shi da lambar ba.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya mana wani abu kuma, alat ba tuwo ba ne, mutum da kuɗinsa a akawun yana biyan mai POS dubu ɗaya ko fiye kafin ya ba shi dubu biyar, a kasuwar ƙauye kuwa mai hatsi ya ce shi bai san taransifa ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Aka fara maganar ba gidajen talakawa dubu takwas a wata aka janye saboda surutu, gwamnoni a majalisar tattalin arziki suka ce su ba su yarda da rajistar ba, rajistar da aka shafe shekaru ana haɗawa da kuɗin bashi. A Oktoba aka ƙaddamar da dubu 25 sau uku ga gidaje miliyan 15 da rancen dala miliyan 800, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585 da aka nemi a tura asusun mutum ɗaya, shirin ya tsaya, da ya dawo aka ce ba wanda za a biya sai an tantance NIN ɗinsa. Har zuwa watan Mayun 2025 Bankin Duniya na cewa gidajen da kuɗin ya isa gare su ba su kai rabin adadin da aka yi alkawari ba. Ana cikin wannan jiran ne a azumin 2024 mutane, galibinsu mata, suka rasu a turmutsitsin karɓar zakka a Bauchi, Allah Ya jiƙan su, yunwa ce ta kai su wajen tun da sassafe.

Hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa. Ni ban ce a koma biyan hannu ba, wanda ya ga yadda ake yanke kuɗin mata a bakin layi ba zai so haka ba, tantancewar nan ta toshe sunayen bogi kuma ina goyon bayanta. Abin da nake nema shi ne na'urar NIN ta riƙa bin ranakun kasuwa tana zuwa mazaɓu kyauta, kar a jira tsohuwa ta zo Gombe, a kowace sakatariya a samu tebur da mutum mai rai wanda zai gyara suna in ya saɓa kuma ya karɓi ƙorafin wanda aka tsallake, a riƙa sabunta rajistar da masu unguwa da limamai da shugabannin mata a bainar jama'a, sannan adadin kuɗin ya riƙa tafiya da farashin mudun masara a Tudun Hatsi, dan wadda aka sa wa dubu biyar a 2016 haka aka bar ta a kai shekara da shekaru duk tsadar da aka shiga.