Ma'anar awo: yadda masana ke auna abin da ba ya taɓuwa

Talauci da basira ba su da nauyin da za a ɗora a sikeli, amma kullum masana na fitar da alƙaluma a kansu. Abin da ke ba su wannan dama shi ne ma'anar awo, wato a fayyace abu ta hanyar bayyana matakan da za a bi a auna shi. Ita kuwa ma'anar nazari, bayani ce kan hakikanin abin da kuma alaƙarsa da wasu abubuwa.

Percy Bridgman, masanin fiziks na jami'ar Harvard a Amurka, shi ya yi fice da ra'ayin ma'anar awo a 1927. A ganinsa, ma'anar tsawo ita ce hanyar da aka bi aka auna shi. A fagen awon kimiyya abin ya zauna daram: tun 1983, mita ɗaya ita ce nisan da haske ke ci a sararin da babu komai cikin kashi 1 bisa 299,792,458 na daƙiƙa.

Inda gizo ke saƙar shi ne fannonin da suka shafi ɗan Adam. A 1990 Bankin Duniya ya ja layin matsanancin talauci a kusan dala ɗaya a rana, a 2022 ya mai da shi dala 2.15. Awo ne mai sauƙin lissafi, kuma ya taimaka wajen kwatanta ƙasashe. Sai dai masanin tattalin arziki Amartya Sen ya dage cewa talauci rashin ikon yin rayuwar da mutum ke daraja ne, kuɗi kuwa hanya ce kawai. Wannan tunani ya yi tasiri a kan ma'aunin da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da masana a jami'ar Oxford ta Birtaniya suka fitar a 2010, mai duba lafiya da ilimi da yanayin zama. Magidanci na iya tsallake layin dala, amma in 'ya'yansa ba sa zuwa makaranta, gidan ba ruwa mai tsafta ba lantarki, ma'auni na biyu na iya lissafa shi cikin matalauta. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin da irin waɗannan alƙaluma ake yanke wanda za a tallafa wa.

A ilimin halayyar ɗan Adam ma haka ne. A 1923 Edwin Boring ya rubuta cewa basira ita ce abin da gwajin basira ke gwadawa, kuma har yau masu sukar wannan hanya na tambayar abin da gwajin ya bari a waje.